Nura Mai Gadin Ƙofar Waje, da Ƙasar da Ta Ce Ba Ta San Shi Ba

Matso kusa, mai karatu, ka ba ni aron hankalinka, don maganar yau ba ta ihu ba ce, ko da yake raina a ɓace yake. A wannan wata na Shawwal Nura ya cika shekara uku a ƙasa. Shekara uku ke nan da motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke unguwar da ake kira Matar Ƙadim, nan Doha ta ƙasar Katar, wasu mutane cikin fararen kaya har fuska suka fita da shi yana tari yana ɗaga mini hannu. Bai dawo ba. Matarsa da 'yarsa kuwa, waɗanda ya mutu yana fafutukar fitar da su daga Afganistan, yau suna wani ɗaki a Pakistan suna jiran ƙasar Ostireliya ta ce musu ku zo ko kada ku zo. Su ne dalilin wannan rubutu.

Kafin in yi nisa, bari ka san wanda ke maka magana. Sunana Haladu, mutumin Funtuwa. Haris ne ni, wato mai gadin gida. Gidan namu wata tsohuwar bila ce, wato babban gida irin na masu kuɗi, da mai ita ya yayyanka da katako ya mayar ɗakuna, ya zuba mu ciki: direbobi da masu gadi daga Kano da Sakkwato, 'yan Zango daga Kumasi, sai tsirarun wasu ƙasashe. Ni nake share tsakar gida, ni nake kiran mai gyaran famfo, kuma da yake hannuna ya faɗa a girki, ni nake ɗora tukunya ga duk wanda ya gaji da biryani yana marmarin tuwo da miyar kuka. Ba ni da yawo. Na daɗe a garin nan, amma in ka ce in raka ka bakin teku sai na tambayi hanya. Boko kuwa aji huɗu na yi aka cire ni. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. In mutum ya yi magana a gabana, ko bayan shekara ne zan maimaita maka ita har da inda ya ja numfashi. Don haka abin da zan faɗa maka game da sojojin Ostireliya ba a littafi na gani ba. Daga bakin Nura na ji, da rediyo, da bakin wani Bature da zan zo kansa.

Nura ba shi ne ainihin sunansa ba, na ɗan karkata shi saboda iyalinsa. Bapashtune ne, mutumin Afganistan, dogo, mai ƙaton hannu. Turin baro yake yi a kasuwar Suƙ Waƙif, yana bin matan Larabawa da kayan ƙamshi da buhunan shinkafa har bakin mota. Ɗakinsa na jikin kicin, katako ɗaya ne tsakaninmu, har minsharinsa na sani. Lala yake ce mini, wato yaya a yarensu. Muna magana da Larabcin kasuwa, da guntun Turanci, sauran mu cike da hannu. Turancinsa kuwa abin dariya ne, ta hanci yake fita, yana jan ƙarshen magana sama kamar mai tambaya. Ranar da na ce masa a ina ya samo wannan Turanci, sai ya dafa ƙirji ya ce, “Ostireliya, Lala. Mutanena ne.”

Wajen yankan albasa labarin ya riƙa fitowa guntu-guntu. Sojojin Ostireliya sun yi shekaru a lardinsu, wani kwari tsakanin duwatsu inda ake noman rumman. Sansaninsu na da ƙofa biyu. Ta ciki sojoji ke tsaronta, a bayan buhunan yashi da kankare. Ta waje, wadda ke kallon hanya, 'yan ƙasa ne ke tsaye a wurin. Su ke tare mota, su leƙa ƙarƙashinta, su laluba jikin mutum. Duk wanda ya ɗauro bam a cikinsa, ƙofar waje zai fara isa. Nura ya yi shekaru a wannan ƙofa. Wani lokaci kuma in za a fita sintiri sukan tafi da shi, don ya san ƙauyuka da masu gari. A irin wannan fita ce nakiya ta tashi da wani soja mai suna Jo, Nura ya saɓa shi a kafaɗa ya sauko da shi daga tudu ana harbi.

Da lokacin tafiyarsu daga lardin ya yi, kusan shekara goma ke nan, gwamnatinsu ta ce duk ɗan ƙasa da ya yi musu aiki, kuma ransa ke cikin haɗari saboda aikin, za a duba a kai shi can da iyalinsa. Nura ya nema. Amsar da ta dawo ita ce har yau ban haƙura da ita ba: wai shi ba ma'aikacinsu ba ne, ma'aikacin kamfanin da suka ba kwangilar gadi ne. Kamfanin kuwa ya naɗe tabarmarsa tun kafin sojoji su gama loda kaya. Da aka fara aiko masa da saƙon cewa an san inda yake kwana, sai ya kai matarsa da 'yarsa Shukriya gidan surukinsa, ya samu bizar leburanci ya faɗo Doha, da niyyar daga nan zai ci gaba da bin maganar. Ya bi kuwa. Duk wanda ya ji yana Turanci ta hanci a kasuwa, sai ya ajiye baro ya bi shi.

Wannan magana ta kamfani, mu mutanen Doha ba sai an fassara mana ba. Akwai Alhassan a gidanmu, ɗan Zangon Kumasi, mai gadi ne, bakinsa ba ya shiru, kowa Massa yake ce masa, wato maigida. Ranar da ya ji labarin sai ya ajiye cokali ya ce, “Massa, ai irin namu ne. Otal ɗin da nake tsaye, sunansu ne a kan rigata. Amma in na faɗi a ƙofar nan, manaja zai ce bai san ni ba, a kira kamfani. Kai Nura, ashe a yaƙi ma akwai kafil, ubangidan da bizarka ke hannunsa.”

Nura bai yi dariya ba. Ya ce, “Ba haka ba ne. Su ba su sani ba ne. In magana ta kai wurin manya, halas, shi ke nan, za a gyara.”

Alhassan ya ce, “Manya suna barci. Bari in gama cin tuwo in je in tashe su.”

Wannan yarda tasa ita ta fi ba ni haushi, kuma na san inda haushin ya samo asali. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Boma. Ya dawo da lambar ƙarfe da tari, ya ƙare rayuwarsa yana gadin sito a tashar jirgin ƙasa, kuma har ya mutu in ka zagi Sarkin Ingila a gabansa sai ya ɗaga maka sanda. Ina yaro ina ganin abin kamar wasa. Sai da na girma na gane cewa mutumin da ya sa ransa saboda wasu ba ya iya yarda cewa sun manta da shi, don in ya yarda, to me ya yi da ƙuruciyarsa? Nura kakana ne ya dawo da wani yare.

Kuma in na yi masa adalci, yana da abin da yake riƙewa. Makarantar da Shukriya ta fara shiga sojojin nan ne suka gina ta. Duk Juma'a in ya kira gida sai ya sa wayar a bayyane, yarinyar ta karanta masa darasin Turanci, shi kuma yana gyara mata ta hanci, yana kallona don ya ga ko na ji. Ya ce likita za ta zama. Ya ce a duk danginsu ba macen da ta taɓa rubuta sunanta sai ita. In na fara zagin Turawansa sai ya nuna wayar ya ce, “Wannan fa, Lala?” Sai in koma kan tukunyata.

Abin da ba zan manta ba ya faru a farkon azumin shekarar korona. An rufe kasuwa, an rufe masallatai, kowa na gida, baron Nura na can a ɗaure. Mun yi sahur, kowa ya yi asuba a ɗakinsa, sai na ji ƙarar get. Na leƙa. Nura ne tsaye a bakin titi, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, takunkumi a fuska, kyandir a hannu, ya miƙe ƙyam kamar an kafa shi. Alhassan ya leƙo ta taga ya ce, “Baba Haladu, zo ka ga ƙanenka ya koma bautar wuta a cikin Ramadan.”

Na je na tsaya nesa da shi kaɗan, yadda aka ce a riƙa yi. Da ya gama shirunsa sai ya yi mini bayani. Wai yau ce ranar da mutanen Ostireliya ke tunawa da sojojinsu. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, an kwashi samarinsu a jiragen ruwa daga can ƙarshen duniya, aka kai su gaɓar ƙasar Turkiyya don su yi wa Ingila yaƙi, aka sauke su da asuba, aka karkashe su a bakin ruwa. Tun daga nan duk shekara suke tashi kafin fitowar rana su tsaya shiru. A sansani ya ga ana yi, daga ƙofar waje yake hangowa. A shekarar kuma, saboda cuta, an ce kowa ya tsaya a ƙofar gidansa, shi ne shi ma ya fito.

Alhassan daga taga ya ce, “To ai Turkawa Musulmi ne, Massa. Kai wa kake wa makoki, wanda ya zo ko wanda aka zo wa?”

Nura ya juya ya dube shi ya ce, “Su suna kiran sunayen nasu. Ni ina kiran namu.” Sai ya fara. Abokan aikinsa ne na ƙofar waje, waɗanda mota ta tashi da su, da wanda aka bi har gida, da ɗan baffansa. Kowane suna sai ya haɗa da na uba da na ƙauye. Da ya kai ƙarshe ya hure kyandir ya ɗaga hannu muka yi fatiha, har da Alhassan, wanda ya fito ba takalmi. A ranar na gane Nura ya san komai. Ya san babu bangon da aka rubuta sunayen nan a kai. Ya ari al'adarsu ne ya yi wa nasa abin da su ba su yi ba, amma bakinsa ba zai iya cewa sun yi laifi ba.

Bayan ƙaramar salla zazzaɓi ya shigo gidan. Sauran suka warke, shi ƙirjinsa ya riƙe. Ba mu muka yi masa wanka ba, ba mu ga fuskarsa ba, mu ƙalilan aka bari muka tsaya nesa-nesa muka sallace shi. Haji Wali, mai tandar burodi a bayan layinmu, ɗan ƙasar su Nura ne, shi ya kira matar ya faɗa mata, ina tsaye. Tun daga ranar duk Juma'a wayata take kira, in tafi wurin Haji Wali ya yi mana tafinta yana manna burodi a tanda. Ita ma Lala take ce mini. Ba mu taɓa ganin juna ba.

Yanzu bari in gaya maka abubuwan da Nura bai gani ba, kuma wani lokaci nakan ce Allah ya rufa masa asiri da bai gani ba.

Watanni kaɗan bayan rasuwarsa na ji a rediyo cewa su da kansu sun yi bincike, sun sami shaidar cewa wasu daga cikin zaɓaɓɓun sojojinsu sun kashe fursunoni da manoman da ba su ɗauke da makami. Na ajiye ludayi na zauna. Sai wata magana tasa ta dawo mini. Ya taɓa ce mini, “Lala, akwai na rana, akwai na dare. Na rana suna gina makaranta. Na dare da jirgi mai saukar ungulu suke fita, ba ta ƙofata suke bi ba.” Na tambaye shi me na daren suke yi, ya ce in miƙo masa gishiri. Ka duba halin da mutumin nan ya rayu a ciki. Mutanen ƙauyensu suna kallonsa a matsayin wanda ya tsare wa masu kashe su ƙofa, waɗanda ya tsare wa ƙofar kuma suna cewa ba su san shi ba. Ina zai sa kansa? Na yaba da suka tona asirin kansu, ba kowace ƙasa ke yi ba. Amma tonon bai sauke wa matar Nura komai ba, maƙiya ya ƙara mata.

Shekara ta zagayo, Amurka ta ce ta gaji za ta tafi. Ostireliya ma ta riga ta rufe ofishin jakadancinta ta fice. Haka dama tarihinsu yake, yadda na ji: da can Ingila suke bi, in ta ce yaƙi su ce ina ne. Da ƙarfin Ingila ya ja baya suka koma bin Amurka, Koriya, Biyetnam, Iraƙi, har Afganistan. Ba su ke buɗe yaƙin ba, ba su ke rufe shi ba. Ranar da babba ya tashi, su ma sun kakkaɓe wando.

Da Kabul ta faɗi, matar Nura ta ɗauki Shukriya da tsohon mahaifinta suka yi doguwar tafiya zuwa filin jirgi. Ka ga hotunan, ba sai na faɗa maka ba. Sun tsaya cikin ruwan kwata har gwiwa, tana ɗaga hoton mijinta cikin kayan gadi tsaye kusa da wani soja. Wani mai bindiga, ba ta san na wace ƙasa ba ne, ya karɓa ya duba, ya tambaya ina mai hoton. Ta ce ya rasu. Ya miƙo mata abinta. Da yawa daga jiragen da suka kwaso mutane nan Doha suke sauka. An zuba wasunsu a sababbin gidajen da aka gina wa baƙin gasar ƙwallo, kuma Allah ya sa kamfanin su Alhassan aka ba gadin wani rukuni. Mutumin nan mai tsokana, sai ga shi yana bi gida-gida da waya a hannu yana tambaya ko an ga wata mata da 'yarta da wani tsoho. In ya dawo ba na tambayarsa, yadda yake cire takalmi ya ishe ni amsa. Su matar Nura kuwa sun koma ƙauye. Aka rufe makarantun 'yan mata, Shukriya ta zauna a gida.

Ko wata ba a rufa ba da wannan, ina jajjaga kayan miya na ji labarin da ya sa na kusa jefa rediyon a tukunya. Wai Ostireliya ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da Amurka da Ingila, za ta mallaki jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku da makamashin nukiliya, har ta watsar da cinikin da ta yi da Faransa, Faransa ta yi fushi ta janye jakadanta. Masana suka yi ta bayani: wai yanzu hankalin ƙasar ya dawo gida, zamanin yaƙin duwatsu da hamada ya wuce, abin da ke gabanta shi ne tekun da ke kewaye da ita da kuma ƙarfin ƙasar Sin. Ban ce kada ƙasa ta tsare gidanta ba. Ni ma mai gadi ne. Amma ni in zan bar wani get in koma wani, sai na tabbata ban kulle kowa a ciki ba. Faransa da aka saɓa wa a kan jirgi, duniya ta kwana tana maganarta, ana neman yadda za a ba ta haƙuri. Matar da aka saɓa wa a kan rai, ni da mai tanda ne kawai muka san da ita. Kuma jiragen nan, an ce wasunsu sai yaran da ake haifa yanzu sun yi gemu kafin su shiga ruwa. Ƙasar da ke iya hango wannan nisan ta kasa waiwayen abin da ta bari a bayanta jiya.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo. Gari ya cika, har ni da ba na fita sai da hayaniya ta iso ni. Kafin a fara, 'yan wasan Ostireliya suka fitar da wani bidiyo suna magana kan haƙƙin leburorin da suka gina filaye. Alhassan ya nuna mini a wayarsa. Gaskiya suka faɗa, ba zan ƙaryata su ba, mu muka san zafin ranar garin nan. Amma ban iya yin shiru ba. Na ce, “Su je su faɗa wa gwamnatinsu ita ma tana da leburori a wani wuri.” Alhassan ya ce, “Baba Haladu, su ƙwallo suke bugawa, ba su suka kai yaƙi ba.” Na ce na sani, amma yau a bar ni da fushina.

Ana tsakiyar gasar, wata rana da la'asar, Haji Wali ya ƙwanƙwasa get, fulawa har gwiwar hannu, bayansa wani Bature cikin riga ruwan ɗorawa yana ɗingishi. Da ya buɗe baki ya gaishe ni sai na ji Turancin Nura, ta hanci, ƙarshen yana hawa sama. Jo ne. Ya bi masu baro a kasuwa ɗaya bayan ɗaya da hoton Nura, wani tsoho ya tura shi wurin mai tanda. Haji Wali ya kasa faɗa masa Nura ya rasu, ya kawo mini shi.

Na faɗa masa a tsaye, ban sassauta ba. Ya dafa bango, ya zame ya zauna a kan siminti. Ni da ko mai karanta mita ba ya barin gidan nan bai sha shayi ba, na tsaya ina kallonsa ban ba shi ko ruwa ba. Na ce masa da guntun Turancina, “Ƙwallo ka zo kallo.” Ya ce a'a, tikitin ƙwallo ne ya fi saurin ba mutum izinin shigowa, shi ya sa ya saya. Ya ce bayan an sallame shi daga soja ya yi shekaru ba ya barci, ba ya ɗaga wayar kowa, cikin abokansa akwai waɗanda suka kashe kansu. Faɗuwar Kabul ce ta tashe shi, shi da wasu tsofaffin sojoji suka shiga neman mutanensu ɗaya-ɗaya.

Na ce, “Ya jira ka.”

Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Ba ka sani ba. Ni na sani.”

Sai Alhassan ya fito da kujera da kofin shayi, ya ce mini da Hausa, “Baba, ya isa. Wannan ma ƙofar waje aka ajiye shi, fatarsa ce kawai fara.”

Washegari muka kai shi maƙabarta, ni da ba na fita. Kabarin lamba ce a kansa, ba suna. Jo ya zaro wani jan fure na takarda daga aljihu, irin wanda suke sawa ga mamatansu na yaƙi. Na ce masa mu ba ma sa fure, ruwa muke yayyafawa. Ya mayar da furen, ya karɓi gorar, ya durƙusa da ƙafar nan tasa da ƙyar yana zuba ruwan a hankali kamar mai shayar da mara lafiya. A nan fushina da shi ya sauka. Wanda nake yi da ƙasarsa kuwa sai ya ƙaru, don na ga su biyun ta cinye, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Ya roƙi lambar matar. Ya ce akwai lauyoyi masu taimakawa kyauta, kuma zai tsaya shaida cewa Nura ya ɗauke shi a kafaɗa, kamfani ko ba kamfani ba. Na hana. Kiran waya daga Ostireliya zuwa ƙauyen nan zai iya zama ajalin mutum. Na ce sai na tambaye ta. Ranar Juma'a muka tsaya a bakin tanda, ni da shi da Haji Wali. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya: “Lala, shi kaɗai ya zo, ko ƙasarsa ce ta aiko shi?” Haji Wali ya juya maganar. Jo ya sunkuyar da kai ya ce shi kaɗai.  Sai ta ce, “Shukriya ta daina magana tun da aka rufe makaranta. Bango take kallo. Ba shi lambar.”

Abin da ya biyo baya shi ya hana ni sukuni. Ashe maganar ba ta tafiya mutum yana cikin Afganistan, tunda babu ofishinsu a can, sai ya fita wata ƙasa. Mace kuma yanzu ba ta tafiya mai nisa sai da muharrami. Tsohon nan mahaifinta, wanda da ƙyar yake kai kansa masallaci, shi ya sake ɗaura ɗamara. Ta sayar da gonar rumman da Nura ya dasa da hannunsa, wadda ita ce abincinsu, suka tsallaka Pakistan cikin sanyi. Yau ɗaki ɗaya suke su uku. Izinin zamansu ya kusa ƙarewa, kuma ana kama waɗanda nasu ya ƙare. A ƙauye kowa ya san inda suka nufa da dalili. Jo bai yi ƙarya ba, yana kira, yana hawa ofis yana sauka. Amsar da ake ba shi ita ce ana dubawa. Abin da ake dubawar kuwa, in ji shi, shi ne ko Nura ma'aikacinsu ne ko na kamfani.

A 'yan kwanakin nan kuma na ji sun sake fitar da sabon tsarin tsaro. Makamai masu cin dogon zango, ƙarfafa sansanonin arewacin ƙasarsu, ƙawance da ƙananan tsibiran da ke maƙwabtaka da su. Wai suna neman abokai, mutanen da za su yarda da su. Da ina da hanyar da zan yi magana da mutanen tsibiran nan, da na ce musu in an zo ɗaukar ku aiki, ku fara tambaya wace ƙofa za a tsayar da ku, kuma wa zai ce ya san ku ranar da aka tashi.

Nakan zauna in ce, da Nura na nan me zai ce? Na san shi. Cewa zai yi, “Ka gani, Lala? Jo ya zo.” Ni kuma in ce masa Jo ya zo da ƙafa ɗaya da rabi, wadda ta ɗauke ku aiki ku biyun ba ta zo ba. Mu yi ta musu har tuwo ya huce, kuma ba zan ci nasara a kansa ba, ban taɓa ci ba. Abin da ya rage na Nura a duniya ba shi da yawa. Akwai wani mutum a can ƙarshen duniya da ke numfashi yau don wani ya ɗauke shi a kafaɗa, akwai kuma yarinya mai kaifin kai da aka koya wa karatu aka bar ta da shi a hannu. Amanar da ya riƙe ta fi ƙarfin waɗanda ya riƙe wa, har na rasa ko in yi alfahari da shi ko in yi masa faɗa.

Juma'ar da ta wuce muryar matar ta canja. Ta ce tsohon ba shi da lafiya, yana cewa a mayar da shi ya mutu a ƙasarsa. In ya koma dole su bi shi, don ba za su zauna a baƙon gari ba namiji ba. In sun koma, maganar Ostireliya ta mutu, ba gona, ba asiri a rufe. In sun zauna, ba wanda ya san ranar da amsa za ta zo, ko ma za ta zo. Ta ce, “Lala, kai ka zauna da shi, kai ne yayansa. Abin da ka ce shi zan yi.” Haji Wali ya faɗa mini wannan bai dube ni ba, ya ci gaba da manna burodinsa. Na ce ta bari sai wata Juma'ar.

Juma'ar ta kusa. Ana saukowa daga masallaci wayar za ta yi ƙara. Mai karatu, kai da ka fi ni karatu, ka ji duk abin da na ji: in ce mata ta ci gaba da jira, ko in ce ta koma?